A Sa Ido Kan Gidajen Renon Yara

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin hukumomi kan gidajen renon yara da ke ta yawaita a biranenmu, wasunsu ko lasisi babu.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta ƙayyade mai reno ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya ga yara 25 a nazare. Amma sai ka tarar da mace ɗaya tana fama da ɗaki cike da jarirai. Idan ɗaya ya shaƙe da abinci, wa zai lura da sauran?

Batun abinci ma abin dubawa ne. Duk madara ko biskit da za a ba yaro ya kamata a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa. Kwalbar nonon da uwa ta tatso a rubuta mata sunan jariri da rana. A kuma ajiye sunayen yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai.

Ina roƙon ma'aikatun ilimi na jihohi su riƙa kai ziyarar ba-zata. Iyaye kuma mu nemi ganin lasisi kafin mu miƙa amanar 'ya'yanmu.

Wassalam.
Wata uwa, daga Kano