ZAUREN 'YAN MATA: Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashenki A Kyamara

Wasiƙar da na zaɓa a wannan fitowa ta wata ƙanwarmu ce da ta gama sakandare, ta kwashi adashe, tana son sayen kyamara irin wadda ake cire mata ido a sa wani, don ta riƙa ɗaukar hoto a wajen kamu da wunin biki, inda iyaye da yawa ba sa son namiji ya kutsa cikin mata. Wallahi tunani ne mai kyau. Sai dai fa in kuɗin nan ya tafi a banza, sai kuma wani zagayen.

To ƙanwata, ki sani kyamarar nan abu biyu ce: gangar jiki, da ido wanda masu hoto ke kira lens. Mai shago zai cika ki da zancen megafiksel, ke dai ki bar shi ya yi ta yi. Ƙananan kyamarorin nan yawanci 24 suke da shi, ya kuwa ishe ki har hoton bango. Abin da ke fito da amarya shar, bayanta ya yi dishi-dishi, aikin ido ne.

Kuma sayen kyamara kamar aure ne, dangi guda kike shiga. Idon Canon ba ya zama a bakin Nikon. Nikon ta fito da bakinta na F tun 1959, Canon ta fito da EF a 1987, shi ya sa idanunsu na hannu suka cika kasuwa da sauƙin kuɗi. A 2018 duk su biyun suka buɗe sabon baki, Z da RF, na kyamarori marasa madubi, kuma can suka mai da hankali yanzu. Saboda haka ki fara duba wace iri ce a hannun masu hoton unguwarku, don ranar da kika buƙaci aron ido ko batir ki sami mai ba ki.

Ni in da ni ce da kuɗi kaɗan, mai madubi ta hannu zan saya, kamar Nikon D3500 ko Canon 2000D, duka 'yan 2018. Dalilina batir ne. D3500 kan yi hoto wajen 1,550 a caji ɗaya, alhali Sony a6000 marar madubi ta 2014 ba ta wuce 360. Ke da kanki kin san halin wutarmu. Wadda ke da hali kuma tana son bidiyo, Canon R50 ta 2023 ta fi dacewa da ita, ga rashin nauyi, ga iya kama fuska da kanta, tsoffin idanun EF ma suna hawanta in an sa musu mahaɗi.

Yanzu ga inda 'yan mata ke faɗawa. Kyamarar kan zo da ido mai lamba 18-55. Kada ki raina shi, da shi za ki koyi aiki, kuma da rana a tsakar gida ba shi da laifi. Amma da kin shiga ɗakin amarya bayan magariba zai ba ki kunya, don in kin jawo shi ƙarshe ƙofar haskensa 5.6 ce. Ita lambar nan a juye take, ƙarama ta fi buɗewa. Ido mai 1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai 5.6. Shi ya sa kowa zai ce miki ki sayi 50 mai 1.8. Gaskiya ne, yana fito da fuska da zanen lalle kamar ki taɓa, amma a kan ƙananan kyamarorin nan yana matso da abu sosai, sai ki ga kin jingina da bango ƙawayen amarya ba su shiga ba. In Nikon ce, 35 mai 1.8 ya fi miki amfani a ɗaki. Kuma don Allah ki duba rubutun jikinsa: D3500 da 'yan'uwanta sai ido mai AF-S ko AF-P, in kika sayo tsoho mai AF kawai, da hannu za ki yi ta murɗawa amarya na jiranki. Dogon idon nan mai kai wa 300 kuwa, bar wa masu ɗaukar hawan sallah.

Ranar saye ki tafi da yayanki ko wani da ya san aikin. A duba sau nawa aka taɓa danna ta, don irin waɗannan kusan 100,000 aka yi musu ƙiyasi. Ki ɗaga idon ki haska shi da tocila ko akwai fumfuna a ciki, sannan ki ɗauki hoton farin bango ki ga ko ɗigo-ɗigo zai fito. Ki rage kuɗin batir na biyu da memori da jaka. Lokacin hunturu kuma kada ki kuskura ki canza ido a waje cikin ƙura. Shiga ɗaki, kifa bakinta ƙasa, ki yi sauri.

Mai tambaya a kan fitilar kan kyamara, ki yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.