A Bakin Ƙofa Ake Tare Ɓarawo

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Dawanau a yau ya dubi abin da ya saura na ganuwar Kano zai ga darasin da masu wa'azi da yawa suka daina koyarwa. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara wannan gini, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa shi, kuma a da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da dare. Sojojin Ingila sun ci birnin a 1903, amma badalar ta tsaya bayansu. Abin da ya cinye ta shi ne mai ɗibar ƙasa ta yin tubali, da mai matso da katangar gidansa taku biyu, da ruwan damina da ya sami tsaga. Kowannensu yana ganin nasa kaɗan ne.

Haka jaraba take shiga mutum, kuma a nan ne wata koyarwa da ta yaɗu a wasu majami'u ta ɓata hanya. Ana nuna wa mai bi cewa ƙarfin bangaskiya shi ne ya zauna kusa da wuta bai ƙone ba, in kuma ya faɗi, ai akwai daren addu'a da ɗora hannu. Wannan koyarwa tana cika coci, amma ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki. Wasiƙar Yakubu, sura ta 1, ta kwatanta sha'awa da mace mai ciki: tana haifar zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Tsakanin ɗaukar ciki da haihuwa akwai lokaci, kuma a farkonsa ne tsayayya ta fi sauƙi. Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya fita. Dawuda kuwa ya ci gaba da kallo daga soro, ya aika a tambayo, ya aika a kawo, maganar ta ƙare da kisan Uriya. Toma na Kempis, wanda ya rasu a 1471, ya jera matakan: tunani, sai zana abin a zuci, sai jin daɗi, sai amincewa.

Wanda yake zaton wannan zance na sha'awar jiki ne kawai, sai ya bi hanyar Katsina zuwa kasuwar Dawanau, inda ake lodin gero da dawa da wake da riɗi zuwa Nijar da Chadi da ƙetaren teku. Manomi Kirista da ya kawo wakensa yana fuskantar abin da maƙwabcinsa Musulmi yake fuskanta. Ƙwari na huda wake, wani ya raɗa masa cewa ɗan fiya-fiya a buhu zai tsare masa jarinsa. Ranar farko zuciyarsa takan buga. A buhu na ɗari kuwa ko tunani ba ya yi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan irin wannan guba a cikinsa. Asarar ta faɗa har kan waɗanda ba su taɓa zubawa ba, kuma waken da Turawa suka ƙi, 'ya'yan gida ne ke ci. Haka tauye mudu da algus suke farawa: tafi ɗaya, tsakuwa kaɗan a gindin buhu. Annabi Amos ya tsawata wa irin waɗannan 'yan kasuwa tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu.

Za a ce wannan tsanani ne, alhali Kiristanci addinin alheri ne da gafara. Gafara gaskiya ce, ba mai musu. Amma an gafarta wa Dawuda, Uriya kuwa bai tashi ba. Tuba tana wanke mai laifi a gaban Allah, ba ta fitar da gubar daga cikin yaron da ya riga ya ci. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ma roƙo ce a nisanta su daga gwaji tun kafin su shiga.

Saboda haka fasto da yake jira sai ɗan ikilisiya ya dulmuya sannan ya kira taron ceto ya bar aikinsa na Sarkin Ƙofa. Aikin shi ne ya ambaci matakin farko da sunansa daga kan bagade: kwalbar farko, mudun farko, saƙon farko a waya. Ya kuma nuna mafita, domin akwai buhun PICS mai leda biyu da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, akwai kuma ɗan'uwa da za a iya gaya wa tun abin yana tunani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar yau da yaɓe ɗaya ake toshe ta.