Raddi a kan mai cewa giyar alkama kunu ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa malamai da almajirai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani saurayi ne na ƙasar Karfi, wanda ya karanta Ahalari da Ishmawi a zaurena. Ya tafi cin rani, ya komo da magana. Ya ce a bazarar nan zai jiƙa alkama ya yi irin abin shan da mutanen Jamus ke yi don zafi. Wai ba giya ba ce, zama ba daga inabi aka matse ta ba, kunu ne da ya kwana.

Na ce, gaya mini yadda ake yi. Ya ce a jiƙa hatsi ya tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, in ya huce a zuba yis a rufe, har ya riƙa tafasa ba wuta. Na ce, ɗana, burukutu ke nan. Haka ake yi wa dawa a gidajen Maguzawa na ƙasar Malumfashi tun kakanni, kuma su ba su taɓa kiranta kunu ba. A nan sun fi ka gaskiya. Tsiro ke mai da gari zaƙi, yis ke mai da zaƙi barasa, kuma ta Jamus ɗin nan barasarta wajen kashi 5 cikin 100 ce.

Amma zancen inabi, shubuha ce tsohuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito Sayyidina Umar ya hau mumbari ya lissafa abubuwa 5 da ake giya da su: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Ga alkama nan da sunanta. In ka ce malaman Kufa sun sassauta a kan kaɗan da bai bugar ba, sai in ce na sani, ban ɓoye ba. To mu Malikawa ne, wurinmu abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa haram ne, haddinsa bulala 80. Su kansu Hanafawan baya sun koma ga fatawar Muhammadu Shaibani, wadda ta hana. Ku duba Risala ma: ta hana jiƙa abin sha a cikin duma, domin yana saurin juyawa. Wannan ya shafi mata masu kunun zaƙi, zama a zafin bazara na safe ba ya kai gobe da hankalinsa.

Ga abin da ya fi cin raina. Katsina ta kafa shari'a a 2000, amma har yau akwai mai alwala da ke bin hanyar bayan gari da almuru, gobe ya zauna a majalisa yana zagin masu dafawa. Wa ke saye? Kuma a wane lokaci? Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, damina na bisa hanya, iri ma ana lallaɓa shi. Alkamar da aka yi rani ana ba ta ruwa a fadama, da ita ake alkaki da gurasa.

Alkamar yaron mudu 6 ce. Na saye ta a kuɗin kasuwa, tana nan a zaurena. Malamin da ke da hujjar da ta rinjayi wannan, ya zo da littafinsa bayan la'asar, in ya kayar da ni ya ɗauka.

Haza wassalam.