Bencin Baya Ba Magani Ba Ne

'Yan'uwa, dukanmu mun saba ganin wannan ran Lahadi. An gama wa'azi, an karɓi baiko, sai magatakarda ya tashi da takarda a hannu ya karanta cewa dattawa sun sa ɗan'uwa wane ƙarƙashin horo na wata shida saboda shan giya. Mutumin ya sunkuyar da kai ya koma bencin baya. An hana shi Jibin Ubangiji, an fitar da shi daga cikin mawaƙa. Jama'a su ce amin, kowa ya tafi gida ya ci tuwonsa. Ina da tambaya ga dattawanmu: cikin watannin nan shida, wa ya taka ƙafa zuwa gidansa?

Kada wani ya ɗauka ina goyon bayan buguwa. Na gaji da masu kawo mini bikin Kana da shawarar Bulus ga Timoti. Abin mamaki, mutumin da bai iya buɗe Romawa ba ya san inda ayoyin nan biyu suke! Timoti ciwon ciki yake fama da shi, kaɗan kuma aka ce ya sha. Kai da ka kwashe dawa daga rumbu ka kai gidan burkutu, wane ciwo gare ka? A ƙasar da ta ga yunwar 1984 da ta 2005, mai sayar da hatsin 'ya'yansa da kaka domin ƙwaryar giya ya san sarai abin da za su ci sa'ad da damina ta yi tsaka. Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara, Lutu kuwa abin da ya same shi ba ya faɗuwa gaban yara. Buguwa zunubi ce, babu gardama.

Amma ƙarata yau a kanmu take, mu da ba mu sha. Mun mai da horo wata hanya ta wanke hannu. Muna kafa hujja da 1 Korantiyawa sura 5, inda Bulus ya lissafta mashayi cikin waɗanda ikilisiya za ta janye jiki daga gare su. Gaskiya ne, yana nan a rubuce. To, me ya hana mu juya 'yan shafuka zuwa wasiƙa ta biyu, sura 2? A can manzon ya roƙi ikilisiyar nan ɗaya ta gafarta wa wanda ta hora, ta ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya cinye shi. A Galatiyawa sura 6 kuma ya ɗora wa masu ruhaniya aikin komo da wanda ya fāɗi, cikin tawali'u. Mun riƙe rabin umarnin mun yar da rabi, mun kuwa zaɓi rabin da ba ya cin lokacinmu.

Ku dubi abin da ke faruwa da mutumin. Abokan sujada sun daina zuwa ƙofarsa, wai kada a gan su da shi. Matarsa tana jin kunya a zumuntar mata. Da yamma ta yi, wuri guda ne kaɗai a garin inda za a ce masa maraba a matsa masa kan tabarma, kun kuma san wurin. Mu muka tura shi can, sa'an nan mu ce zuciyarsa ta taurare.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu kula da shi ba. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, jikinsa ya riga ya saba. In ya bari rana ɗaya, hannu ya kama rawa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace. Bayan kwana biyu ko uku waɗansu sukan yi farfaɗiya ko su riƙa ganin abin da babu, har akan mutu ta haka. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne, ko rashin bangaskiya. Irin wannan yana bukatar addu'a, i, amma yana bukatar a ɗauke shi a kai wa likita, ko Galmi ce ko asibitin da ya fi kusa, a tsaya a kansa. Ce wa irinsa ya tuba kurum daidai yake da ce wa mai karaya ya tashi ya yi gudu.

Waɗansu masu bi sun riga mu gane wannan. A 1877 wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Croix-Bleue a birnin Janeba. Dabararsa ita ce masu lafiya su ɗauki alkawarin barin giya tare da mashaya, don kada mai kokawa ya tsaya shi kaɗai. A 1935 kuma, a Amurka, mashaya biyu suka tarar cewa zama tare da faɗa wa juna gaskiya yana riƙe su, daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tashi. Shin ba wannan ba ne zumunta? Ga mu da sunanta a bakinmu kowace Lahadi.

Wani dattijo zai ce maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe suna cewa addininmu na 'yan giya ne, dole su ga mun hukunta. Na san zafin maganar nan. Amma maƙwabtan ba makafi ba ne. Sun san mai kuɗin da ke sha cikin ɗaki, wanda ba a taɓa karanta sunansa ba domin shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Sun san samarinmu da ke haɗiyar tiramol kafin su shiga gona, ba mai ce musu kanzil tun da ba ya wari. Talaka mai layi a hanya shi kaɗai muke kamawa.

Ban ce a soke horo ba. Roƙona ga dattawa shi ne, ran da za a karanta sunan ɗan'uwa, a karanta tare da sunayen maza biyu waɗanda za su riƙa zuwa gidansa da yamma, lokacin da ƙishin yake tashi, su raka shi asibiti in ta kama, da mace ɗaya daga zumunta wadda za ta duba ko akwai hatsi a ɗakin matarsa. In ba a sami masu ɗaukar wannan ba, magatakarda ya naɗe takardarsa tukuna, a sāke zama.