Tuwo Tukuna, Mutunci Daga Baya? Tsanin da Ya Ruɗi Masu Taimako

A makarantun da ake horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a da masu jinya, akwai wani zane da ɗalibi yakan haddace tun da wuri. Zanen dala ne mai hawa biyar, ana ce da shi tsanin bukatu na Maslow. Abraham Maslow masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka. A shekara ta 1943 ya rubuta cewa bukatun mutum iri biyar ne: abinci da ruwa da barci, sa'an nan tsaro, sa'an nan ƙauna da zumunci, sa'an nan daraja, a ƙarshe kuma mutum ya kai iyakar baiwarsa. Ɗalibai da yawa sukan fita da karatu guda, wato a cika ciki tukuna, ƙauna da mutunci su jira. Wannan karatu kuskure ne, marayu da gwauraye da mayunwata kuwa su ne ke shan wahalarsa.

Da farko dai, Maslow bai zana dalar nan ba. Waɗansu ne suka zana ta daga baya. Shi kansa ya faɗa cewa jerin ba doka ba ce marar sauyawa, gama akwai mutanen da ba su bi ta wannan hanya. Ashe almajirai sun fi malaminsu tsanani.

Tun Maslow yana da rai aka ga shaidar da ta rushe wannan karatu. A 1945 likita René Spitz ya ba da labarin jarirai a wani gidan renon yara. Abinci yana nan, tsabta tana nan, amma masu reno kaɗan ne, ba mai lokacin goyo ko wasa da su. Yaran suka rame, suka daina motsi, da yawansu suka mutu. A 1951 John Bowlby na Ingila ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto, ya nuna cewa ƙaramin yaro yana bukatar wani mutum tabbatacce da zai shaƙu da shi, ko uwa ko mai tsayawa a madadinta. A 1958 Harry Harlow ya ba 'ya'yan biri uwa biyu na ƙarya, ɗaya ta waya mai madara, ɗaya ta tsumma mai taushi ba madara. Sukan sha madara wurin ta waya, su komo su yini manne da ta tsumma. In da ciki ne farkon kome, da ba su rabu da ta waya ba.

Ƙasar Romaniya ta ƙara buɗe idon duniya. Da mulkin Ceausescu ya faɗi a Disamba 1989, aka iske yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na gwamnati, waɗansu suna ta kaɗa jiki a gado, ba su magana. A shekara ta 2000 masana suka fara bin yara 136 a birnin Bukares. Aka mai da rabinsu cikin iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka shiga iyali suka fi sauran basira da iya magana, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2.

Wani zai ce, wannan maganar ƙoshi ce, mai jin yunwa ba ya cin gaisuwa. Gaskiyarsa, har zuwa wani wuri. Wanda ya ga abin da fari da fara suka jawo wa yankin Maraɗi a 2005 ba zai raina buhun hatsi ba. Ba wanda ya ce a hana abinci. Gardamar a kan kalmar "tukuna" take. A birnin Kingston na Jamaika, wajen 1986, aka ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya hana su girma. Waɗansu aka riƙa ba su madara. Waɗansu kuma ma'aikaciya takan ziyarci gidansu kowane mako har shekara 2, tana koya wa uwa ta yi wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara 20 aka sāke neman su. Waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin aiki da ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da wajen kashi 25 cikin 100. Amfanin madara ita kaɗai kuwa bai daɗe haka ba. Har ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan jinyar yaro mai tamowa ta sa wasa da nuna ƙauna cikin matakan magani.

Manya ma haka suke. A 2011 Louis Tay da Ed Diener suka duba amsoshin mutane daga ƙasashe 123, suka iske cewa zumunci da girmamawa suna faranta ran mutum ko da abincinsa bai ishe shi ba. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi ya sa ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akwai tsohuwar da za ta kwana da yunwa maimakon a kira sunanta da ƙarfi a gaban unguwa ta fito karɓar kwanon gero. Wanda ya haddace tsani zai ce girman kai ne ke damunta. Bai gane ba cewa mutuncinta shi ne dukiyar da ta rage mata.

Akwai koyarwar da ta fi tsani dacewa da aikin taimako. A 1979 Urie Bronfenbrenner ya kwatanta yaro da wanda ke tsakiyar da'ira cikin da'ira: gida, sai makaranta da unguwa da wurin sujada, sai aikin iyaye da kasuwa, sai al'ada da dokar ƙasa. In aka taɓa ɗaya, sauran sun motsa. Saboda haka ma'aikaci mai hankali ba ya tambayar hawa na nawa mutum ya kai. Tambayarsa ita ce, su wane ne ke kewaye da mutumin nan, yaya kuma za a ƙarfafa su? A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi ƙa'idodi masu cewa yaro ƙasa da shekara 3 cikin iyali ya kamata a rene shi, talauci kaɗai kuma bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba.

Wannan magana ta shafi dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, gama su ma aikin taimako suke yi ko da ba su da takardar shaida. Kafin a tara kuɗin gina gidan marayu, sai a nemi kakar yaron ko gwaggonsa, a tallafa mata ta riƙe shi. Kafin a jera gwauraye a rana ana ɗaukarsu hoto, sai a kai musu hatsin gida da yamma, a yi sallama, a zauna, a tambayi lafiyar yara. Mudun bai ragu ba, mai karɓa kuma bai sunkuyar da kai ba. Malaman da ke koyar da tsanin nan kuwa, in lalle sai sun zana shi a allo, to, su gaya wa ɗalibai labarin Bukares da na Kingston a rana guda.