An Soke Haraji, Amma Har Yau Talaka Bai Huta Ba

Akwai masu cewa wai ra'ayin gurguzu baƙon abu ne da aka yi mana safararsa daga Rasha ko Sin. To, amma manomin da dogarai suka ɗaure saboda kuɗin haraji, da Bafulatanin da ya kwana a daji da shanunsa don gudun jangali, ba su jira sai sun karanta littafin Karl Marx ba kafin su gane wanda ke noma da wanda ke ci.

Wannan ganewa ce ta haifi jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Sanarwar Sawaba ta faɗi ƙarara cewa al'ummar Arewa ta rabu gida biyu, wato masu riƙe da mulkin En'e da kuma talakawa. A kan wannan aƙida Malam Aminu Kano ya tsaya har rasuwarsa a 1983. Da PRP ta ci zaɓen 1979, Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali.

Abin tambaya a nan shi ne, shin talaka ya huta? Bai huta ba. Harajin da aka kora ta ƙofa ya komo ta taga. Mai tallar gyaɗa ana yanka mata rasit a kasuwa, ɗan acaɓa yana sayen tikiti kullum safiya, motar shanun da ta tashi daga Potiskum kuwa ba ta isa Legas sai ta biya a shinge bayan shinge. Alhali tun 1998 doka mai lamba 21 ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji.

Ba cewa muke kada gwamnati ta tara kuɗin shiga ba, domin makaranta da asibiti ba sa gina kansu. Ma'aunin da 'yan gurguzu suka bar mana shi ne: wa ya biya, kuma wa ya amfana? In mai ƙaramin ƙarfi ne ya biya, mai babbar riga ya mora, to, zalunci ne ko da an buga masa hatimi.

Saboda haka ma'aikacin da ke riƙe da littafin rasit ya tuna cewa amana ce a hannunsa. Ɗalibai kuma su daina ɗaukar tarihi kamar jerin sunayen sarakuna, su binciki wanda guminsa ya gina fadar. Allah ya sa mu gane.