'Yancin Jarida da Labarin Yunwa a Jihar Maraɗi

'Yancin jarida, wato damar da doka ke bai wa ɗan jarida ya nemo labari ya watsa shi ba tare da neman izinin mai mulki ba, sau da yawa ana ɗaukarsa a matsayin rigimar 'yan bokon Yamai, alhali a jihar Maraɗi magana ce da ta shafi rumbun hatsi da ran yara ƙanana. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, ya kafa hujja cewa babbar yunwa ba ta samun gindin zama a ƙasar da ake yin zaɓe kuma jarida ke da bakin magana, domin mai mulkin da ke tsoron ƙuri'a ba zai iya kawar da kai ba idan labari ya bazu. Sen yana yaro ya ga yunwar Bengal ta 1943, wadda ta ci rayuka miliyan biyu zuwa uku a daidai lokacin da Turawan Ingila ke tace labarai da sunan yaƙi, har sai da jaridar The Statesman ta birnin Kalkata, a ƙarƙashin editanta Ian Stephens, ta buga hotunan mayunwata a kan tituna cikin watan Agusta, sannan mahukunta suka rasa wurin ɓuya.

A Nijar, tsawon shekaru talatin bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnati ce kaɗai ke da jarida da rediyo, har zuwa 1990 da jaridar Haske ta fito, sannan babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofa ga sauran. Sai dai jaridun da Faransanci ake buga su, a Yamai kuma suke ƙarewa. Abin da ya kawo 'yancin nan Maraɗi a aikace shi ne gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, domin manomin da ke ban ruwa a Jiratawa, ko mai awon gero da tiya a kasuwar Tibiri, ba ya sayen jarida, amma ƙaramin akwatinsa na rataye a reshe ko yana ajiye kusa da buhu, kuma da Hausa yake jin abin da ake ciki.

Shekarar 2005 ce ta gwada wannan 'yanci. Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, hatsi ya yi tsada ƙwarai duk da cewa akwai shi a kasuwa, kuma Maraɗi, wadda ake yi wa kallon rumbun ƙasa, ita ce ta cika da yara masu tamowa, wato ramewar da ƙarancin abinci ke jawowa. A cibiyar ƙungiyar likitoci ta MSF, iyaye mata sun riƙa yin layi da goyo, ana ɗaura wa yaro zaren awo a damtse, idan ya sauka a kan ja a kwantar da shi. Taimakon duniya bai zo da yawa ba sai da BBC ta nuna hotunan Maraɗi a watan Yuli, duk da haka Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa, a Afrilun 2006 kuma gwamnati ta janye wa tawagar BBC izinin aiki bayan ta koma jihar ta tarar da sauran wahala. Nijar ta yi zaɓe a 2004, saboda haka abin da ya faru ya nuna cewa ƙuri'a kaɗai ba ta isa ba, muddin ana ɗaukar ambaton yunwa a matsayin tozarta ƙasa, kuma abin takaici ne a ce sai baƙo ya zo da kyamara kafin a saurari kukan da 'yan gida suka daɗe suna ji.

Dokar 4 ga Yuni 2010, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta kafa, ta soke ɗauri a kan laifin jarida irin su ɓata suna, ta maye shi da tara, sannan ranar 30 ga Nuwamba 2011 Shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain mai neman ƙasashen Afirka su yi haka. Amma dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da kurkuku ta bayan gida, aka sassauta ta a 2022, hukumomin sojan da suka karɓi mulki kuma suka maido da ɗaurin a Yuni 2024. Wannan ya fi shafar wakilin da ke jiha, wanda yawancin aikinsa ta wayar salula da WhatsApp yake tafiya, kuma ba shi da lauya ko babban gidan jarida a bayansa. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, aka bi da BBC na wata uku a Disamban 2024, aka umarci tashoshin da ke karɓar shirye-shiryenta su daina, lamarin da ya ɗora wa 'yan jaridar Maraɗi nauyin faɗar farashin tiya da halin ƙauyuka a lokacin bazara, ƙarƙashin dokar da ke iya kai mutum gidan kaso idan aka ce labarinsa zai tada hankalin jama'a.